Lomar da na rage wa Hanifa

Daren Asabar, Alexandria

Barci ya ƙi zuwa. Yau ɗana Sani ya kai mu gidan sushi, abincin Japanawa, wai murnar jikata Hanifa ta gama sakandare. Wurin ba a tambayarka me kake so. Mai girkin ne ke zaɓa, ya dunƙula shinkafa, ya ɗora ɗanyen kifi, ya ajiye maka loma guda. Na ce wa Sani ai wannan tarbiyyar gida ce, baƙo ba ya zaɓe. Kifin ne dai, Allah sarki, ya tafi bai ga wuta ba.

Na daure na ci don kada in kunyata yaron. Da aka kawo lomar da Sani ya ce ta fi duka daraja, sai na ɗauka na ajiye gaban Hanifa. Haka muka taso. Babba ba ya sharce kwano, kuma mu har kokawa muke yi kan ragowar kakanmu, don albarka.

Na ce, "Amaryata, karɓi."

Ta dubi lomar, ta dubi yatsuna. Ta ce da Turanci ta gode, amma na riga na taɓa.

Sani ya sunkuyo ya ce, "Baba, a nan kowa nasa yake ci, kuma nan take."

Lomar ta zauna tsakaninmu har mai girkin ya rusuna ya ɗauke ta.

Ba ta kifin nake yi ba. Sauran abin da na ajiye wa yarinyar nan nake tunani, tatsuniyoyi da sunayen kakanni. Duk hannuna ya taɓa su.