Dokar da Na Binne Kafin a Binne Ni

Da sunan Allah. Ni ne mahaifinku, tsohon alƙali, wannan kuma wasiyyata ce. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma hankalina garau yake, ba kuma wanda ya tilasta ni.

Na ɗaya. Hular gashin dokin nan da na yi aiki da ita, kada wanda ya kafa ta a falo don tunƙaho. 'Yan mulkin mallaka suka kawo ta daga ƙasarsu mai sanyi, muka gaje ta, muna zufa a ciki muna kiran abin ci gaba. A ba jikokina su yi wasa.

Na biyu. Alƙalamina na Lauya ne, 'yata, don ita kaɗai ta bi sawuna. Da shi na sa hannu a shari'ar manoman bakin kogi. Dokar da baƙin suka bar mana ta ce ƙasar da ba ta da takarda ba ta da mai ita, kuma da ita wani kamfani ya zo tashin ƙauye sukutum. Na saurari manoman da harshensu, ba tafinta. Na karɓi rijiyoyinsu da kaburburan kakanninsu a matsayin shaida, na bar musu ƙasarsu. Abokan aiki suka ce na mayar da kotu zamanin jahiliyya, aka danne mini ƙarin girma. To, kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncina, majalisa ta soke dokar. Na ga bayanta da idona, alhamdu lillahi!

Na uku. Idan manoman sun kawo buhunan hatsin da suka saba kawo mini, ku yi godiya ku mayar. Haƙƙinsu ne, ba alfarma na yi musu ba.

Na huɗu. Babba da Auta, gabar nan ta isa haka. Babba, kana cewa duk abin da ya ƙetaro teku guba ne, alhali da tabarau za ka karanta wannan. Auta, kana cewa da 'yan mulkin mallaka ba su zo ba da muna cikin duhu. Tun kafin su zo kakanninka ke yanke shari'a. Ilimi ba shi da ƙabila. Abin da na yaƙa shi ne a ce sai da sikelin wani za mu san nauyinmu.

Na biyar. Ba a sayar da gidan nan muddin mahaifiyarku na numfashi.

Ku riƙe zumunci, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya, kada bare ya ji kanku. Allah Ya yi muku albarka. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini.