Eriyar da Ke Kallon Sheme

Assalamu alaikum, Kawu Labaran.

Ina gaisuwa daga Alƙahira. Ya ƙafar Inna Suwaibatu? An gama yankan dawa? Ni lafiya lau, sai dai ɗakin ya cika shiru, amma ana sabawa.

Kawu, na sayo mana eriyar rediyon nan na oba-oba, taka da tawa. Na zaɓi mai kama da ƙashin kifi, wadda ba ta ji sai inda aka nuna ta. Zango biyu gare ta, ɗaya ya kai murya ga tauraron ɗan'adam, ɗaya ya dawo da amsa. Na ce ko an sake yanke layin waya, zan ji ka.

Sai ga saƙon ƙanwata Hamida, wai maƙwabta sun roƙe ka ka sauke tsohuwar eriyarka, kada 'yan bindiga su ce da sojoji kake magana. Ban ga laifinsu ba. Da na sani, da hutun nan gida na taho, ba yawon shaguna ba.

Taka tana kwali, ba zan aiko ba. Tawa kuwa kullum sai na ɗaga ta wajen garinmu Sheme. Baƙi suna ta amsawa, ban da kai.

Allah ya tsare ku.

Ɗanka, Jabiru