Ƙofar da Ba a Buɗe wa Gwaggo Ba

Nima, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana, Baban Razak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya Galmi da ban ruwan albasa? Ka gaida Inna da kyau.

Na rubuto ne saboda a waya ba ka barina in kai aya. Shekaranjiya ka yi ta faɗa har layi ya yanke, ni ko uffan ban samu na ce ba. Takarda ba ta katse mutum. Zan ba direban motar albasa a kasuwar Agbogbloshie ya kawo maka, ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Eh, gaskiya yayarka, Yaya Wadia, ta faɗa maka, ina barin yara su kaɗai a ɗaki. Ban ɓoye ba. Amma rabin labari ta ba ka. Tun da Mma Adisa, tsohuwar nan da ke wuni a tsakar gidanmu, ta koma wurin ɗanta a Kumasi, gidan nan da la'asar kamar an share. Matan suna kasuwar Makola, mazan suna wurin aiki. Ni kuma dole in kai gero da wake injin niƙa a Maamobi, in ba haka ba babu koko babu ƙosai da safe, kuma ka san da su muke ci tun da ka tafi jinyar Baba. Da farko tare nake zuwa da yaran. Ran nan ina juya baya sai ga Razak ya miƙa hannu zai taɓa bel ɗin inji yana gudu. Tun daga ranar na ce ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba.

Abin da matan gidan nan suke yi, su tura yara ɗaki, su danna kwado ta waje, su kama gabansu. Ni ba zan iya ba. Ɗakunan nan na katako da langa-langa ne, manne da juna, ga wayoyin lantarki a sama kamar saƙar gizo. In wuta ta tashi, wa zai fasa wa 'ya'yana ƙofa? Sai na sa kafinta ya yi mana sakata ta ciki, na ce babbar 'yarka ce mai ɗaki. Shekararta tara, kuma ta fi wasu masu gemu natsuwa.

Kada ka ɗauka haka kawai na tashi na tafi. Sai da na gwada ta. Na fita kamar na wuce, na laɓe bayan tankin ruwa, na turo mai gawayi ya ce ni na aiko shi a ba shi tukunya. Ba ta buɗe ba. Washegari ni da kaina na toshe hanci na sake murya, ta ce in jira uwarta ta dawo. Kan gas da ashana a jakata suke tafiya. In ta ji warin hayaƙi, ta san ta ja ƙanenta su tafi shagon Muftahu tela a bakin lungu. Kafin a kira magariba na dawo.

To, ran Asabar sai ga Yaya Wadia, ba waya ba komai. Ta ƙwanƙwasa, yarinya ta gaishe ta ta bayan ƙofa, ta ce mata da Hausarta ta 'yan Nima, "Gwaggo, yi haƙuri, Mama ya ce ko wanene kar in buɗe." Yaya ta yi lallashi, ta yi tsawa, a banza. Abin da ta samu kawai, 'yarka ta miƙo mata ruwan leda ta taga. Na dawo da bokitin ƙullu a ka, na tarar da ita tsaye a rana da mayafinta mai tsada, yaran shagon tela suna leƙe. Na durƙusa har ƙasa na ba ta haƙuri, don yayarka ce. Amma da ta ce in doki yarinyar a gabanta, na ce a'a. Ba zan dake ta don ta ji maganata ba.

Yaya ta ce me ya sa ban ce ban da Gwaggo ba. Ban ce ba, kuma yanzu ma ba zan ce ba. Yaro in ka koya masa "sai dai wane", gobe kowa ya zo ya ce shi ne wane.

Yara suna gaishe ka. Razak ya ce ka taho masa da dabino. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Lauratu.

Nima, ranar Laraba.

Baban Razak,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma jikin Baba yana ta sauƙi. Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har na gaji.

Ashe maganar ta wuce ƙofa. Yaya ta je wurin Kawu Iddrisu, babbanku a nan, ta ce ba na iya riƙon yara, a ba ta babbar ta tafi da ita Sabon Zongo. Kai kuma ka ce duk abin da Yaya ta yanke shi ke nan. Sannu da ƙoƙari. Ina da tambaya: in an ɗauke mai tsaro, wanda ake tsaron fa? Na tambayi Yaya, ta ce in danna wa Razak kwado kamar yadda kowa yake yi. Wato yara biyu da sakata a hannunsu sakaci ne, yaro ɗaya ɗan shekara biyar a kulle kuwa tarbiyya ce.

Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ke wa Yaya shara da wanke-wanke ta koma Bawku tun kafin azumi, kowa ya sani. Ban manta alherin Yaya ba. Ita ta sauke mu a ɗakinta da muka zo garin nan ba mu san kowa ba, ita ta yi mini wankan jego. Ina jin nauyinta, Allah ya sani. Amma ba da 'yata zan rama alheri ba.

Ta san inda ta kama ni. 'Yar fari ce, uwa ba ta da baki a kanta. Haka aka tashe mu a gida. Shekara tara ban taɓa kiran sunanta ba, sai "ke", sai "'yar nan". Matan Nima har dariya suke mini, su ce ƙauyanci ne, ban damu ba. In tana zazzaɓi a gaban mutane, kau da kai nake yi kamar ba ni na haife ta ba. Yaya ta tabbata in aka tara manya, zan sunkuyar da kai in ce ai taku ce.

Bari in faɗa maka abin da ba na faɗa wa kowa. Ina tsoro. Ina tsaye a layin inji, zuciyata tana ɗaki. Ko ƙarar jiniya na ji a titi sai in ɗauka gidanmu ne. Shi ya sa na yi wa kaina iyaka. In hadari ya haɗu ba na fita, don ka san halin babbar kwatar Nima in ta cika. In Razak ba shi da lafiya ba na fita, gara mu yi asarar cinikin safe. Na tambayi 'yarka ko tana jin tsoro, ta ce sai in Razak ya yi barci ɗaki ya yi tsit. Yanzu ina bar mata rediyo a kunne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba mai zuwa ziyara ba.

Jiya ina tsince wake 'yarka ta zo ta tsaya a kaina. Ashe ta ji komai. Ta ce wai don ta ƙi buɗe ƙofa ne za a ba da ita? In ta je ta roƙi Gwaggo gafara, za a bar ta? Baban Razak, na buɗe baki, kunyar nan ta riƙe mini harshe. Abin da ya fito kawai, na ce ta je ta wanke kwanuka. Ta tafi, ni kuma na zauna ina jin haushin kaina.

Kawu ya kira mu jibi bayan sallar Juma'a. Ka yi mini addu'a, ko da ba ka tare da ni a maganar.

Matarka,
Lauratu.

Nima, ranar Asabar.

Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kowa yana lafiya, da Baba, da Inna, da kai kanka. Na san Yaya ta riga ni kiranka, amma ka ji daga bakin mai laifin.

Mun je gidan Kawu. Yaya ta zo da shirinta, har da sabuwar jaka da atamfar da ta ɗinka wa yarinyar. An zaunar da 'yarka a gefen tabarma, kanta a ƙasa. Kawu ya yi nasiha mai daɗi a kan zumunci. Ya ce shi a ganinsa shekara tara ta yi kaɗan a bar wa yaro gida. Na ce, Kawu, a gafarce ni, hankali ba a shekaru yake ba. Na faɗa masa yadda na gwada ta, da maganar sakata da kwado. Ya jinjina kai, amma ya ce duk da haka 'ya ta dangi ce, kuma babbar yaya ta nema. Sannan ya juyo wurina don cika al'ada, ya ce, "Uwar ɗaki, ko kina da magana?" Yaya har ta fara zuge jakar.

Na dubi yarinyar nan. Ko ɗago kai ba ta yi ba, don ta riga ta san amsata. Wannan ne ya ƙona mini rai. Na ce, "Kawu, Zakiya ba za ta je ko'ina ba. Zakiya 'yata ce, ba ta yi laifi ba, kuma ina sonta."

Matar Kawu ta rufe baki da mayafi. Yaya ta ce na zubar da mutuncin gidanmu, Inna in ta ji sai ta yi kuka, kuma ƙafarta ba za ta sake taka ɗakina ba. Wannan ya yi mini zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Kawu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi ba zai ƙwace 'ya daga hannun uwar da ta ce a'a ba, magana ta koma wurin uba.

To, ga ta a hannunka. Ni dai Litinin bayan la'asar zan tafi inji, Zakiya za ta sa sakata, kuma ba za ta buɗe wa kowa ba. In ka ga ba daidai ba ne, ka dawo ka zauna da su, ni in tafi niƙa hankalina kwance. In kuwa ka tsaya a kan maganar Yaya, kada ka aiko saƙo, kada ka turo kowa. Ka zo da ƙafarka, ka dubi idonta ka faɗa mata da bakinka.

A hanyar dawowa, a cikin motar haya ta trotro, Zakiya tana zaune a kan cinyata saboda cunkoso, Razak yana barci a gefe. Sai da muka kusa Nima ta jawo gefen mayafina, ta ce a hankali, "Mama, ƙara faɗa." Na ce me? Ta ce sunan. Na faɗa, a gaban direba da yaron mota da kowa. Ta ce in ƙara, na ƙara. Har muka sauka ba ta saki mayafin ba.

Ka gaida Baba da Inna. In Inna ta tambaya, ka ce mata gaskiya ne, na faɗa, kuma ban yi nadama ba. Allah ya bar mu tare.

Ni ce matarka,
Lauratu, Maman Zakiya.