Kwana Takwas a Doron Mbabo

Litinin, 6 ga Nuwamba
Na bar Sambolabo bayan asuba, ni kaɗai kamar kullum. Zan bi doron dutsen Mbabo har gangaren Galim, karo na goma sha tara ke nan. Matata Dudu ta riƙe min jaka a bakin ƙofa, wai mai shekara sittin da huɗu ba ya kwana kan dutse shi ɗaya. Ta sake tayar da maganar ranar da na kasa gane hanyar gida daga kasuwa. Na ce mata rana ce ta buge ni.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Ciyawa har ƙirji. Gajimare ya kwanta a kan dutsen, ba na ganin zurfin kwazazzabon da ke hagu. Ƙafa lafiya lau. Idon ruwan da nake sha duk shekara ban same shi ba. Ko ya ƙafe ne.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Sawun takalmi a gabana, sabo, dunduniyar hagu ta cinye kamar tawa. Ban ji daɗin ganinsa ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Da hantsi na faɗo rugar Arɗo Yuguda, tsohon abokina. Yana hango ni ya hau dariya.
"Hamma Hamajoda, nonon namu ne ya dawo da kai, ko dutsen ne ya kore ka?"
Na ce wace dawowa, rabona da kai tun bara.
Dariyar ta tsaya. Ya shiga bukka ya fito da tocila. "Shekaranjiya a nan ka kwana. Ka ci dakkeren gero da nono ƙwarya guda, ka zagi gwiwata. Ga abin da ka bari."
Tawa ce, har da robar da na ɗaure ta da ita. Na duba littafin nan, babu Alhamis.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Ban tafi ba. A gaba akwai siririn wurin nan, rami dama rami hagu, da ƙaton dutse a tsakiya. Gefe ɗaya kawai ake kewaye shi, ɗayan ba ya ɓullewa. Sau goma sha takwas na wuce shi. Tun safe nake zaune ina neman ko dama ne ko hagu. Matar Arɗo tana ta leƙo ni, ta ɗauka ban gani ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba
Arɗo zai sauka Sambolabo sayen kanwar shanu. Na ce zan raka shi saboda gwiwarsa, ya ce ya gode ƙwarai. Shi ne a gaba. Da muka tsaya azahar na rubuta cikakken sunana da unguwarmu a bangon littafin nan, da manyan baƙaƙe. Ai kowa ma yana yin haka.