Inna, Na Riga Ki da Shafi Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Ladi mai goro, ta unguwar Albarika a Paraku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imarSa. Ni ce Rabi, 'yar farinki da ba ki taɓa kama sunanta ba, sai dai ki ce "'yar lakwal", wato 'yar makarantar boko. Na san inda kike ba a kai wasiƙa, amma na yi miki laifi jiya, kuma bakina ba zai iya riƙe shi ba.

Inna, jibi za a yi mini aikin ido. Na hagu ya daɗe da tafiya, na dama kuma farar yana ta lulluɓe shi. Likita bai ɓoye mini komai ba, ya ce ana iya dacewa, ana iya rashin dacewa. Tun da na fito daga wurinsa ba abin da ke raina sai littafin nan namu, da shafi goma sha bakwai da suka rage mana.

Kin tuna shi ai. Mai koren bango, na Faransanci, wanda mushe, malamin ajinmu, ya ba ni shekarar da na zo ta ɗaya a aji, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Bayanin ƙasa ne da sama da teku. Baba ya juya shi gaba da baya, ya sa mini albarka, ya koma kasuwar shanunsa. Ke kuwa kika goge hannu a zane kika ce in zauna in faɗa miki abin da ke ciki da Hausa.

Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar muna ƙarƙashin rumfa, kina tsince goron da sankara ta taɓa, ina karantawa ina juya miki. Na ɗauka wata biyu mun gama. Ashe ban san da wa nake ba!

Da mun ci karo da abin mamaki sai ki ɗaga hannu. "Rufe. Ba a ƙari sai an riƙe na baya." Dokar makarantar allo kika ɗauko kika ɗora wa littafin Nasara, kuma riƙewa a wurinki ita ce ki gani da idonki. Sai ki karyo tsinken tsintsiya ki sa a wurin, ki kafe ni da ido ki ce, "Kada ki kuskura ki riga ni."

Ranar da littafin ya ce inuwar tsakar rana tana sauya gefe cikin shekara, kika ce ƙarya Nasara yake, shekararki nawa a tsakar gidan nan ba ki ga haka ba. Kika kafa dutse a bakin inuwar turken rumfa, kika hana kowa taɓa shi. Wata shida littafi na rufe. Wallahi, Inna, na yi ta ƙunƙuni a bayan idonki, yau dai na faɗa. Sai wata rana kika ƙwala mini kira kamar gobara ta tashi. Na fito a guje na same ki tsaye da ludayi a hannu, inuwa ta tsallaka ɗaya gefen turke, kina ta subhanallahi. Ranar tuwo ya kama, ko a jikinki.

Na teku ya fi wannan. Littafin ya ce wata ne ke jan ruwan teku, ya hau sau biyu ya sauka sau biyu kowace rana. Ke da ba ki taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Okpara ba. Shekara biyu cur tsinke bai motsa ba, har na cire rai. Rannan kawai kika ce in shirya, za mu Gar, tashar jirgin ƙasa, mu hau jirgin Kwatano. Baba ya tambaye ki wa za ki gaisar a can, kika ce ba kowa, ikon Allah za ki gano. Ya dube ki ya dube ni, ya girgiza kai ya ce a dawo lafiya.

Da hantsi muka isa bakin teku. Kika riƙe hannuna gam. Can kika samo kara kika soke a busasshen yashi, muka ja baya muka zauna. Mutane na wucewa suna kallonmu kamar sababbin mahaukata. Ruwan nan ya yi ta matsowa, ya yi ta matsowa, har ya kewaye karan ya kwantar da shi. Muka yi salla a wurin, muka ci gaba da zama, har muka ga ya fara ja da baya ya bar jiƙaƙƙen yashi, babu wanda ya kira shi, babu wanda ya kore shi. Na waiwayo na ga hawaye na bin kumatunki. Kika ce, "Tun kafin a haife ni yake yin haka, ni ina can ina tsintar goro." Ko gishiri ba mu sayo ba muka dawo gida.

Bayan nan aka tura ni koyarwa Jugu, na yi aure a can, karatunmu ya koma sai lokacin hutu. Duk zuwana Paraku littafin na saman akwati. A aji ina korar 'ya'yan mutane su gama littafi kafin jarrabawa, namu kuwa yana rarrafe. Shekara goma sha takwas muka yi a haka, har muka kai babin ƙarshe, na abin da ke can ƙarƙashin teku. Kika ce a bar shi sai hutu mai zuwa. Cikin daminar shekarar aka aiko mini Jugu cewa jikinki ya tsananta, motarmu ta maƙale a taɓo, na iso an riga an kai ki makwancinki.

Kin bar mini ciwonki, Inna. Kabad ɗina cike yake da littattafan tarihi, na tsuntsaye, na jikin ɗan Adam, kowanne da tsinke a cikinsa. Alhaji maigidana kullum tsiya yake mini, wai ni na sa tsintsiyar gidanmu ta yi sanƙo. Mutane na zaton gundura ta suke yi. Ina! Wanda ya fi mini daɗi shi nake saurin rufewa, in yi shekara ina yawo da magana ɗaya a ƙirjina. Namu kuwa ban ko buɗe shi ba tun rasuwarki, don kin ce kada in riga ki.

To jiya tsoro ya ci ƙarfina. Na ce in aiki bai yi ba, shi ke nan, ni da ke duk ba mu ga ƙarshensa ba. Na zauna a bakin ƙofa inda rana ta fi ƙarfi, na ɗauko madubin nan mai ƙara girman rubutu, na yi niyyar cinye shafi sha bakwai a zama ɗaya. Ki yafe mini.

Shafi ɗaya na iya. Bari in juya miki shi, tunda haƙƙinki ne.

Ya ce can ƙasan teku akwai wurin da hasken rana bai taɓa kaiwa ba, duhu ne tun ranar da aka halicce shi, ga sanyi, ga nauyin ruwa. Amma Inna, akwai rai a wurin! Akwai kifayen da Allah Ya sa wa haske a jikinsu, wani a gefen ciki, wani yana rataye a gaban goshi kamar 'yar fitila. Da shi suke neman abinci, da shi suke gane 'yan'uwansu. Babu jirgin da zai kai mu mu gano, kuma ba don wani ya gani aka yi su ba. Suna can suna kai da kawo, Mai su bai manta da ko ɗaya ba.

Na kasa juya shafi. Na rufe littafin na zauna a wurin har azahar ina kuka, kuma ba kukan tsoro ba ne. Saura sha shida, ban san ko idona zai gan su ba. Na dai san jibi da ƙafata zan shiga ɗakin aikin nan, ba sai Alhaji ya ja ni ba.

Ya Allah, Kai da Ka kunna wa kifi fitila a inda rana ba ta zuwa, Ka haskaka kabarin Innata, Ka yalwata mata shi, Ka nuna mata abin da ido bai taɓa gani ba. Ni kuma in Ka ƙaddara mini duhu, kada Ka bar ni ni kaɗai a cikinsa. Amin.

Taki har abada,
Rabi, daga Jugu.