Sunanki a Kusurwar Guntu

Tegan, iskar tekuna a tsakar zafin Janairun ƙasar nan, furen bishiyar jakarandar da ke shimfiɗa wa titinmu shuɗi, wa ya gaya miki ana sayen irinki a kasuwa?

Tun Litinin jinina ke tafasa. Da hannunki kika gina tubalin rediyo, wato sashen rediyo na ɗan guntun lantarkin nan namu da ake sa wa cikin na'ura, waya bayan waya, sai manajanmu Graeme ya miƙe a taro ya ce an sayo na wani kamfani, wai gwadadde ne, wai ba lokaci. Ya faɗa kamar mai sauya tayar mota! Na ga kin rufe kwamfutarki a hankali. Na ji kina cewa za ki koma Hobart wurin mamarki. Hobart? To ni fa?

Na san sana'ar. Ban taka jami'a ba, a laburaren Salisbury na koya wa kaina, kuma aikina ke nan: a miƙo mini tubalin ƙwaƙwalwa daga Ingila, na ma'ajiyar bayanai daga Taiwan, in jera su a filin da bai kai farce ba, in sa su ji maganar juna. Tubalin saye ba laifi ba ne. Amma ke? Na duba ko'ina, ya ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta tsage, babu mai sayar da madadinki.

Kin tuna gadar teku ta Semaphore, ranar da tsuntsu ya fizge soyayyen kifin hannunki, kika ce ko shi ya fi ni ladabi? Dariyar nan ba ta sake ni ba har yau.

Kin san al'adarmu: kafin zanen guntu ya tafi masana'anta, duk wanda ya yi gumi a kansa ana sa haruffan sunansa a kusurwar da ba komai. Graeme ya ce a cire naki tunda tubalinki ya fita. Na ce ya fara da nasa. Kusurwar a hannuna take. Na ɗora naki jikin nawa, zaren ƙarfe ɗaya ya ɗaure su. Juma'a zane zai tafi, kuma abin da ya tafi ba ya gyaruwa, haka za a yi ta buga shi.

Ni naki ne har guntun nan ya koma yashin da aka yi shi da shi. Amma kada ki turo mini amsa ta waya. A wurin gashin naman da za mu yi a ofis ran Juma'a, kafin a tura zanen, gaban Graeme, gaban kowa, ki ɗaga murya: kina tafiya in goge sunanki, ko kina nan in bari?

Jarrod