Baba, Na Daina Fita Ciyayya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba mai kai maka ita, ba kuma za ka karanta ba. Shi ya sa ma na iya rubutawa, don da kana raye da bakina bai buɗe ba.

Inna tana ƙauyenmu Ketare lafiya, ƙafar ce dai ke damunta. Matata Hadiza ta sauka, namiji, sunanka ya ci. Nan Ƙanƙara kuwa sai sababbin babura, kowa na cewa kuɗin mai ya zo, mu malaman makaranta mun haye.

An yi mana ƙarin albashi, gaskiya ne, har a rediyo aka faɗa. To, 'yan kasuwa ma suna da kunne. Kafin ya iso hannunmu gero ya tashi, mai gidan haya ya ƙara nashi, haraji kuwa tun daga ofis ake zaftare shi. Kai naka harajin mai unguwa ke zuwa karɓa, kana iya ba shi haƙuri zuwa kaka. Ni wa zan ba haƙuri?

Baba, na daina fita ciyayya. Kai ba ka taɓa cin tuwon dare a ɗaka ba, ko na dusa ne sai ka fito da akushinka ƙofar gida cikin maƙwabta. Ni na kasa. Yaya za a yi a buɗe kwanon Malam mai albashi a ga kuka tsura, ba mai ba nama? Sai na ce masu likita ya hana ni tuwo, gyambon ciki gare ni. Wallahi ƙarya ce, lafiyata lau.

Na ɗauka shi ke nan, ashe na jawo wa kaina. Maƙwabcina Alhaji Sule, mai kiran sallarmu, ya sa gidanshi suna aiko mani da kunu da madara kullum, wani lokacin har farfesun kaza, wai in samu ƙarfi. Yaranmu ke cinyewa. Ina kallonsu suna suɗe kwanon, ban taɓa cewa a mayar ba. Hadiza dai ta daina kallon idona in kwanon ya shigo.

Wai don wannan ka sayar da shanun huɗarka ka kai ni makaranta?

Jiya bayan sallar la'asar Liman ya tsayar da jama'a, ya kira sunana da naka, ya roƙi Allah Ya ba ni lafiya. Dattawa sa'o'inka suka ɗaga hannu saboda ni. Kunya kamar in nutse, Baba. Nan ne ya kamata in miƙe in faɗi gaskiya. Na tuna yaran, sai na shafa addu'ar tare da jama'a, na ce amin.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ni kuma Ya yafe mani.

Ɗanka da ya kasa gadonka,
Lawal